Ni da Kawu Sule da Tsuke-Aljihu

Ba zan taɓa mantawa da wani taron suna da aka yi a Bungudu ba, ko da na so in manta. Kafin samun mulkin kai ne, ina saurayi, ina aikin akawu a wani kamfanin sayen gyaɗa a Gusau. Amma abin da nake taƙama da shi dabam ne: ina rubuta gajerun labarai ina aika wa wata jarida. Sun taɓa buga mini biyu (na ukun har yau ina jiran amsa). Ina kuma da wani tsohon littafin kiwon lafiya na Turanci, wanda wani abokin aikina mutumin Kudu ya bar mini da aka canza masa gari. Rabin kalmomin ban san su ba, amma hotunan na sha kallo. Saboda haka a danginmu ni ne likita.

Kawu Sule yayan mahaifiyata ne, sana'arsa sayen fata. Mutum ne mai faɗa, hannunsa kuma ba ya buɗewa da sauƙi. Duk gidan an san yana ɓoye kilishi a cikin hula don kada a roƙe shi, sai dai ba mai iya faɗa a gabansa. Wata rana yana dawowa daga kasuwar Tsafe a saman babbar mota, motar ta faɗa rami, ya faɗo ya bugu a ka. Ya daɗe a asibiti. Da aka mayar da shi gida, hannun dama ba ya motsi, ƙafa jan ta yake yi, magana kuma ta ɗauke. Kalma ɗaya ta rage masa: "To." Ko me aka ce masa, to.

Na buɗe littafina, na nemo shafin ƙwaƙwalwa, na karanta abin da na iya, sauran na cike da kaina. Na yanke hukunci cewa tunda magana ba ta fita, to ba ta shiga. Na sanar da mahaifiyata haka. Ta ce ta ji, amma dai in riƙa zuwa duba shi duk Lahadi, tunda ni ke da keke.

Zama a zaure da mutumin da ba ya magana abu ne mai gajiyarwa. Sai na fara tafiya da takarduna. Lokacin ina rubuta wani dogon labari, kuma ina son in ji yadda yake sauka a kunne, ga shi na sami mai sauraro wanda ba ya katse ni. Matsalar ɗaya ce. Jarumin labarin wani marowacin ɗan kasuwa ne mai suna Tsuke-Aljihu, mai sayen fata, mai ɓoye kilishi a hula, wanda ya faɗo daga mota. (Na canza garin. A ganina wannan ya isa ɓoye shi.) Haka nake karanta masa kowane mako, har da kwaikwayon muryarsa in yana faɗa. Shi kuwa yana jingine da bango yana kallona. In na tsaya shan ruwa ya ce, "To."

Ana nan sai matar babban ɗansa ta haihu. Ranar suna zaure ya cika: liman, abokan kasuwar Kawu, dangi daga Furfuri da Kekun Waje. An zaunar da shi a kan buzu da sabuwar riga. Mutane na gaishe shi da ƙarfi kamar kurma, wasu na girgiza kai. Wani dattijo ya tambaya ko dai iska ce ta taɓa shi. Nan na ga dama ta samu.

Na gyara zama, na yi musu bayanin ƙwaƙwalwa, na zana ta a ƙasa da tsinke (ta fi kama da kabewa). Na jefa kalmomin Turanci guda biyu da ni ma ban tabbatar da ma'anarsu ba. Na ce Kawu yanzu kamar jariri yake, sautin murya kawai yake ji, ba ma'ana ba. Liman ya ce anya. Da na tsaya a nan da an rabu lafiya, amma mai ilimin kimiyya sai da gwaji. Na ce su duba su gani. Na juya wurin Kawu, na yi murmushi, na sassauta murya kamar mai lallashi, na ce, "Kawu marowaci, yau kilishi nawa ke cikin hular?"

Na jira "to" ɗina.

Kawu ya ɗaga hannun hagu a hankali, ya cire hular, ya kife ta, ya karkaɗe don kowa ya ga ba komai. Ya mayar da ita kansa. Sannan bakinsa ya shiga kokawa da kalma, ya nuna ƙirjinsa ya ce, "Tsuke... Aljihu."

A zauren ba wanda ya gane sai ni. Na duba ƙofa, keken nawa yana can bayan takalman mutane, ba hanya.

Inna Hajo, matarsa, tana tsaye daga bakin ƙofar cikin gida. Ita ta yi wa taron fassara, ba tare da ta ɗaga murya ba. Ta ce ai ya daɗe yana ji, tun a asibiti. Kwanan baya ma kalmomi sun fara dawo masa ɗaya-ɗaya, kullum da safe tana nuna masa buta da tabarma yana faɗin sunansu. Da ta ce za ta gaya mini, sai ya ɗora yatsa a baki. "Ƙarshen labarin yaron ga yake son ji," in ji ta. "Ya san in kun sani, karatu ya ƙare."

Liman ya tambaya wane labari. Kawu ya nuna jakata. Na ce ban zo da shi ba. Ya ci gaba da nuna jakar.

Haka na karanta babi guda a gaban mutanen da suka san shi tun yana yaro. Na yi ƙoƙarin tsallake wurin da na ce kunnuwansa kamar faifai, ya buga ƙasa da tafin hannu sai da na koma (ashe ya haddace). Abokan kasuwarsa sun yi dariya har da hawaye, wani ma ya ƙara mini abin da ban sani ba. Ni dai ban ɗaga kai ba har aka kawo tuwo, kuma ban iya ci ba.

Mahaifiyata ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata da kyau. Kawu kuwa ya sa an gaya mini Lahadi tana nan. Na ci gaba da zuwa. Hannun bai dawo ba har ya rasu, amma maganar ta dawo daidai gwargwado, gajeru-gajeru, kuma yawancinta gyara ne. A labarina faɗuwar ta mayar da Tsuke-Aljihu mai kyauta. Kawu ya saurara har ƙarshe ya ce, "Ƙarya." Dole na sake.

Abin da na koya bai da yawa. Yanzu kafin in yi wa jama'a bayanin abin da ke cikin kan wani, nakan fara tambayar mai kan. In bai iya amsawa ba, in tambayi matarsa.