Gidan da Na Rushe a Kebbe

Da aka watse daga zaman makokin mijin ƙanwata a Kebbe, ban koma Tambuwal nan take ba, na tsaya wai in taimaka. Ni kuwa mai shago ne, na yarda duk garinmu babu wanda ya kai ni iya jera kaya.

A ɗakin marigayin na tarar da 'yan bulullukan roba na wasan yara, irin masu maƙalewa da juna, fal daro, wasu a warwatse har ƙarƙashin gado. Na nemo gwangwanayen madara na duƙufa ina ware su, ja da ja, shuɗi da shuɗi. A kan taga akwai wani ɗan gida da aka haɗa da su, launi a cakuɗe, rufi a karkace. Na ɓalle shi ɗaya-ɗaya, har ina tausayin wanda bai san tsari ba.

Ina cikin yabon kaina sai ga Nana, 'yar marigayin, ta dawo daga islamiyya. Ta dubi tagar, ta dube ni.

"Kawu, ina gidanmu?"

Ƙanwata ta leƙo, ta dafa ƙofa. "Yaya, mi kay yi? Su biyu da ubanta sunka gina shi, shina kwance bai iya tashi."

Nana ba ta yi kuka ba, ni na yi. Na yini ina ƙoƙarin mayarwa, da na gama ta duba ta ce akurkin kaji ne.

Yanzu ta zama budurwa. Amma ko zuwana na bayan nan, tun daga zaure na jiyo ta tana cewa, "Inna, a tokare garu, ga Kawu Rusau nan."