'Yar Baƙa, Wayar Mas'uda, Ta Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya cike da baƙin ciki, amma babu ko ɗigon nadama, Mas'uda Ummaru Kurfi, ɗaliba a Dutsin-Ma, tana sanar da rasuwar wayarta, 'Yar Baƙa. Ajali ya same ta ne ranar da Malam Mutawakkil ya umarci Mas'uda ta goge hoton littafin da yake sayar wa 'yan ajinsa, ta kuma ambaci waɗanda ta tura wa, ita kuwa ta ƙi.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ta sha matsi a motar Kurfi, ta sha kwana da yunwa idan an ɗauke wuta, ba a taɓa jin ƙorafinta ba sai ɗan "tit-tit" idan caji ya kusa ƙarewa. Ga kyauta. Duk wayar da ta raɓe ta ba ta tashi hannu rabbana.

Malam ya ce satar fasaha ce, akwai dokar haƙƙin mallaka. Mas'uda ba ta musa ba. Amma littafin nan sayensa ta yi, kuma ba ta sayar wa kowa ba. A gidansu maƙwabciya kan shigo ɗiban wuta, murhu bai taɓa mutuwa don haka ba. Sannan littafin da ake wannan tada jijiyar wuya a kansa, rabinsa kwafin littafin wani ne, har babban yatsan wanda ya danne shi a kan inji ya fito a gefen shafi. Da ta nuna yatsan a gaban aji, Malam ya fizge wayar, ta suɓuce, ta sha siminti.

Ta yi gajeriyar jinya a shagon Bilya mai gyara. Ta haska sau ɗaya, ta yi shiru.

Ta bar caja mai karyayyen wuya, da iyafis mai kunne ɗaya, da 'ya'ya da jikoki a wayoyin ɗalibai daga Dabawa har Tamawa, dukkansu cikin ƙoshin lafiya.

Za a yi jana'iza ranar Asabar a ƙasan akwatin Mas'uda, cikin tsohon ɗankwali. Ana karɓar gaisuwa a Kurfi, ƙafa da ƙafa, tunda babu wayar da za a kira. An yafe wa waɗanda suka ci amfanin marigayiya suka sunkuyar da kai ranar, ba sai sun zo ba.

An hana Mas'uda rubuta jarrabawar darasin. Tsararrakinta za su gama bana, ita za ta maimaita shi baɗi, a gaban malamin nan, a bencin farko.