Kaskon Gwaggo a Ƙarƙashin Motar Baffa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na faɗo tsakiyar matan biki da kumfar sabulu a ka ba. Duk kuma a kan ɗigon fetur ne.

Lokacin Turawa ba su tafi ba, motocin cikin birni kana iya ƙirga su da yatsu. Baffa, ƙanin mahaifina, fataucin goro yake yi a Sheshe, yana da wata tsohuwar baƙar mota, ni ne direbansa. Kai, na ji da kaina a zamanin nan! Ko ɗiban ruwa aka aike ni sai na tafi ina kaɗa makulli.

Ana gab da bikin Asabe, 'yar Baffa, sai motar ta fara tari, ta ɗan yi tafiya ta mutu. Makanike a Fagge ya ce famfon mai ne ya gaji, wato abin da ke zuƙo fetur daga tanki ya kai wa inji, kuma shi ba zai samu sarari ba sai bayan biki. Baffa kuwa ya riga ya gaya wa dangi kaf cewa 'yarsa a mota za a kai ta Ƙofar Wambai.

Nan bakina ya ja min. Na ce, "Baffa, wannan ai bai kai na gareji ba. A sayo sabo, a ƙofar gida zan ɗaura shi."

"Ka iya?"

"Haba Baffa, ni fa?"

(Iyawar tawa ita ce na taɓa tsayawa ana yi wa wata mota, ina shan rake ina kallo.)

Ranar kai amarya na shimfiɗa buhu, na cire tsoho na ɗaura sabo, na haɗa bututu. Da na tayar da ita ta kama tas, maƙwabta suna ta "Sannu direba!" Ina cikin washe baki sai na hango abu a ƙasa. Notin da ya haɗa bututu da famfo yana zubar da fetur, ɗis, ɗis. Na ɗaure, na ƙara ɗaurewa, yana nan. Sai ga Baffa da baƙinsa.

"Ya yi?"

"Ya yi, Baffa, lafiya lau."

Na ja ƙasa da ƙafa na rufe wurin da ya jiƙe. A raina na ce bari in yi wanka, idan maza sun tafi sallar la'asar in dawo in gyara ba mai gani.

Na shiga banɗaki, na tsoma kayan aikin nan masu baƙin mai a bokiti, na murza sabulu har ido. To, banɗakin gidan katangarsa ɗaya da ƙofar gida, duk abin da aka faɗa a waje kana ji. Sai na ji muryar Gwaggo, yayar su Baffa, matar da ba a yi mata musu.

"Wannan wane irin wari ne? Yarinya ta sha turare tun farkon biki, a zuba ta a nan ta isa gidan miji tana warin kananzir? Ke Ladi, miƙo kaskon nan."

Na tsaya da soso a hannu. Turaren wuta fa take nufi, garwashi jajur a kasko.

"A'a, ba ciki ba. Tura shi ƙarƙashin hancin motar, nan warin ya fi ƙarfi."

Innalillahi! Daidai inda na rufe da ƙasa ke nan, ga mata da yara cike a jikin motar. Kayana suna cikin ruwa. Na fizgi wani zane da ke shanye a kan katanga na ɗaura, na keta tsakar gida ina ihu, "Wuta! Ku matsa! Wuta!" Ido ɗaya ne a buɗe, ɗayan sabulu ya cinye. Na iske Ladi a durƙushe tana tura kaskon da kara. Na yi masa ƙafa ɗaya, ya wuntsila cikin kwata, ya ce cuu.

Mai guɗa ta haɗiye guɗarta. Dangin ango, waɗanda suka zo ɗaukar amarya, suka zuba min ido. Ga ni tsaye, ƙirji a waje, ruwa na bin ƙafata, kumfa na zamewa daga kunne.

Gwaggo ta riƙe haɓa. "Ɗan nan, aljanu ne? La'ila! Ai zanena ne!"

Dariyar da aka yi, ina jin har masu rini a unguwa sun ɗago kai. Da ƙasa za ta buɗe, da na yi mata godiya.

Baffa ya fito daga zaure. Na ce, "Baffa, tana yoyon fetur. Tun ɗazu." Ya tona ƙasar da takalminsa, ya sunkuya ya shinshina, ya dubi garwashin da ke hayaƙi a kwata, ya dubi jikokinsa da ke manne da ƙofar motar. Sai kawai ya zauna a kan dakali yana cewa Alhamdulillahi. Wallahi kunyar ta yi min zafi, amma daɗin da na ji da na ga kowa tsaye da ƙafarsa ya fi ta.

"Kai ka ce ya yi."

"Na ce, Baffa."

"To koma ka sa ya yi. Amma ka sa wando tukuna."

Da na kwance notin a natse, ashe a karkace na ɗora shi. Na mayar da shi daidai, ɗigo ya tsaya, aka kwashe ƙasar da ta jiƙe. Asabe ta tafi ɗakinta a mota, tana ƙunshe dariya cikin mayafi maimakon kukan da aka saba. Gwaggo kuwa ta ƙi karɓar zanenta, ta ce in ajiye tunda ya yi min kyau, kuma har ta koma ga Allah "Direba mai zane" take kirana.

Tun daga ranar, in abu yana yoyo a hannuna nakan faɗa da ƙarfi tun ina cikin rigata. Na gwada faɗa a cikin zane, babu daɗi.