Ranar da Na Toshe Rariya

Tun rasuwar mai ɗakina ni kaɗai nake zaune a gidanmu na Gumel. Da daɓen tsakar gida ya tsattsage, maƙwabcina Malam Idi ya ce in kira magini. Na ce, "Haba Malam, daɓen ma sai an yi gayya?"

Na kwaɓa siminti, na shafe ko'ina sumul, har wata 'yar kafa a gindin katanga, inda take wanke-wanke. Ashe ta nan ruwan gidan yake fita. Da tana raye, da ta riƙe hannuna.

Da ruwan farko ya sauka, buta da takalma suka biyo ni har ɗaki.

Yanzu kullum sai Malam Idi ya leƙo: "Sarkin Ruwa, yau akwai kifi?"

Ni kuwa har jiran muryarsa nake yi.