Taku Uku Bayan Dutsen Iyaka

Sallau, wani ɗan ƙasar Daura, shekararsa huɗu yana aikin jinya a gidan tsofaffi a wani ƙauye na lardin Yorkshire, can Ingila. Abu ɗaya ne ya hana shi sakat, wato rashin gona. Mutumin da ya tashi da fartanya a kafaɗa, sai ga shi yana shuka yakuwa a bokitin fenti a bakin taga, kullum maiɗakinsa Laraba tana yi masa tsiya, wai ganye bakwai ba ya miya. Ƙauyen kuwa yana da fili a bayan coci, an yayyanka shi ana ba mazauna su yi lambu. Sau uku Sallau yana rubuta takardar neman yanki ɗaya, sau uku ana dawo masa da ita. Wai gidan da yake haya ya fita daga gundumar cocin da taku uku.

Mai rabon filin wani dattijo ne, Mista Garside, shugaban ƙungiyar tarihin ƙauyen. Irin mutanen nan ne da in ka tambaye su hanyar tasha, sai sun faɗa maka wanda ya gina ta da sunan matarsa. Ya haddace sunayen limaman cocin na shekara ɗari bakwai, amma sunan Sallau sai da ya yi wata shida kafin ya zauna masa a baki.

To, mutanen suna da wata al'ada. Sau ɗaya a shekara limamin coci zai shige gaba, jama'a na biye da tsumagu, su zagaye iyakar gundumar a ƙafa. Duk dutsen iyakar da suka iske sai su rufe shi da duka, wai don kada a manta inda yake. Da ranar ta zo, Sallau ya ce yau zai saye zuciyar dattijon. Ya ɗauki hutu, ya yanko tsumagiyarsa, ya bi su cikin taɓo har gwiwa, yana zabgar duwatsun da ba su yi masa laifin komai ba. Abin ya ba shi kunya ƙwarai, amma ya daure saboda yakuwa.

Da suka iso dutsen da ke gab da ƙofar gidansa, sai ya matsa kusa da dattijon.

"Yallaɓai, dubi fa. Daga dutsen nan zuwa ƙofata taku uku ne. In na shanya riga, rabinta a gundumarku take bushewa. A taimaka mini da ɗan filin nan mana."

Mista Garside ya gyara tabarau. "Mista Sallau, ina tausaya maka. Amma dutsen nan tun zamanin sarakunan farko yake nan. Iyaka ba abin wasa ba ce. Ba a zama a ofis a matsar da ita don jin daɗin wani."

"Ko da taku uku, yallaɓai?"

"Ko da faɗin yatsa. Mu danginmu mun san darajar iyaka. Kakana ma a ƙasarku ya yi aiki, yana cikin waɗanda suka zana taswirar iyakar da ke tsakaninku da Nijar. Har yau akwatin kayan aikinsa yana gidana."

Sallau ya jingine tsumagiyarsa a jikin dutsen, ya rusuna cikin ladabi.

"To ai an gama, yallaɓai, ba sai an taɓa dutse ba. Ka duba mini akwatin nan ko fensirinsa na ciki, ka ara mini. Ni taku uku kawai zan ja. Shi da ya ja nasa layin, har yau kakata in za ta ɗebo ruwa a rijiyar gidanta sai ta shiga Nijar."