Bizar Tungar Marke

Akwai wani ɗan majalisa da mutanen mazaɓarsa suka laƙaba wa suna Na-Sama, domin tun da aka rantsar da shi ya fi daɗewa a cikin jirgi fiye da a doron ƙasa. Idan aka je ofishinsa a ce ya tafi hutu, idan aka koma bayan mako biyu a ce ya dawo amma yana huta gajiyar hutun. Wadda ta fi kowa haddace waɗannan amsoshi ita ce Malama Zuwaira, unguwarzoma a ɗan asibitin Tungar Marke, ƙauyen da ambaliya ta tafi da gadarsa shekara uku da suka wuce. Tun daga lokacin, da zarar damina ta kankama sai garin ya koma tsibiri. Bara kaɗai sau biyu tana karɓar haihuwa a tsakiyar kogi, a hanyar kai mai doguwar naƙuda babban asibiti, hannu ɗaya riƙe da jariri, ɗayan yana kwarfe ruwa daga kwalekwale. Takarda guda ce tsakaninsu da sabuwar gada, wato wasiƙar da za ta shigar da aikin cikin jerin ayyukan mazaɓa. Ba ta da amfani sai da sa hannun Honarabul, kuma ranar Alhamis za a rufe jerin. Sau biyar Zuwaira tana kai ta, sau biyar tana komawa da abarta.

Ranar Talata ta ji labarin ya sauka. Masu gadin gidansa na birni suna da doka: mai koke ba ya shiga. Amma wanda ya zo barka da dawowa ba a tare shi, domin korar mai gaisuwa abin kunya ne ko a gidan ɗan siyasa. Sai ta naɗe wasiƙar, ta tura ta ƙarƙashin hijabi, ta bi ayarin 'yan barka.

Ta tarar da falo cike. Honarabul yana kishingiɗe, sakatarensa Malam Tukur yana zagayawa da tiren tsaraba. Kowa aka miƙa masa ɗan hoton hasumiya mai maganaɗisu a baya, aka ce na mannawa ne a jikin firji. Wani dattijo da bai taɓa mallakar firji ba ya jujjuya nasa, ya gwada a jikin sandarsa, ya ƙi kamawa, ya sa a aljihu yana godiya.

"Jama'a, yau ba ranar aiki ba ce," in ji Honarabul. "Duk mai magana ya yi ta hutu. Abin da ke damun mutanenmu ke nan, ba su san hutu ba. Kai, Baba, yaushe rabonka da fita waje?"

"Ranka ya daɗe, yanzu na shigo daga waje."

"Ka gani! To ku saurara in ba ku shawara kyauta. Mai son ruwa ya tafi Maldibs. Ɗakinka a tsakiyar teku yake, ba ka shigarsa sai da ƙaramin jirgin ruwa. Ka buɗe taga, ruwa. Ka leƙa ƙarƙashin gado, kifi na kallonka."

"Allahu Akbar!" in ji falo.

"Mai son kwalekwale kuwa, Benis ta ƙasar Italiya. Titunansu duk ruwa ne. Wani ƙato yana tuƙa ka da gora yana yi maka waƙa. A Turkiyya kuma na shiga taɓo har wuya, aka shafe ni da shi tun daga goshi. Ku dubi fatata."

Aka dubi fatarsa, aka yaba.

"Amma wanda ya fi shiga raina wani wuri ne a kan dutse, can ƙasashen Asiya. Tun daga ƙofa za su karɓe wayarka. Ba lantarki, ba fanka, ba talabijin. Abinci sau ɗaya a rana, ganye zalla. Kwana goma na yi, na dawo kamar sabon haihuwa. Wallahi da talaka zai samu irin wannan dama, da ba a ƙara jin kukansa ba."

Zuwaira ta yi niyyar miƙewa ta faɗi abin da zai sa masu gadi su fitar da ita ta taga. Sai ta tuna Alhamis, ta haɗiye maganar. Ta gyara zama, ta sassauta murya.

"Ranka ya daɗe, a yi mini izini. Duk wuraren nan da ka lissafa, akwai wuri guda da ya haɗa su."

Honarabul ya ɗago. "Malama, ke ma kina fita?"

"Kowace damina a can nake yin ta, wata huɗu cur."

"Wata huɗu! To, Tukur, ka ji masu hutu. Ba mu labari."

"Tsibiri ne. Ba a shigarsa sai da kwalekwale, kuma mai tuƙin ba waƙa yake yi ba, salati yake yi, fasinja na amsawa. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi ba sai ka leƙa ƙarƙashin gado ba, kifin da kansa yake hawowa ya same ka. Taɓo kuwa tun daga bakin gaɓa yake tarbarka, ba ka buƙatar mai shafa maka. Kuma ba a karɓe wayar kowa, a hannunka za a bar maka ita, ko ka hau bishiya ba za ta yi ƙara ba."

"Lantarki fa?"

"Yaran wurin ba su san kamanninta ba."

"Abinci?"

"Sau ɗaya, zogale da tafasa. A watan Agusta ma wani lokaci a kan yafe shi gaba ɗaya."

Honarabul ya tashi zaune sosai, idonsa na ƙyalli. "Ikon Allah! Yaya aka yi duk yawona ban taɓa jin wannan wuri ba? Me sunansa?"

"Tungar Marke."

Malam Tukur ya sarƙe da yawunsa, ya fara tari.

"Tunga... Marke," in ji Honarabul, yana ɗanɗana sunan a baki. "Ta wajen Indonisiya ke nan?"

"Ta fi nan kusa, ranka ya daɗe."

"Akwai cunkoson baƙi? Ni ba na son hayaniya."

"Shekara uku ke nan babu babban mutum ko ɗaya da ya taka wurin."

"Shi ke nan, na samu wurin zuwa! Yaya ake kama wuri?"

Zuwaira ta zaro wasiƙar, ta warware, ta miƙa da hannu biyu. "Sai an fara gyara hanyar da za ka bi. Idan ka sa hannu a nan ƙasa, magana ta ƙare."

"Honarabul, da dai ka fara karanta..." in ji Malam Tukur.

"Kai Tukur, wace takarda ka taɓa ganin na karanta? Ba ni biro."

Ya rattaba hannu, ya sa aka kawo hatimi aka buga. Zuwaira ta hura tawadar har ta bushe, ta naɗe takardar, ta mayar da ita ƙarƙashin hijabi, ta miƙe tana neman takalmanta. Har ta kai bakin ƙofa ya kira ta.

"Af, Malama, mun manta babban abu. Biza fa? Kwana nawa take ɗauka kafin ta fito?"

Ta juyo, ta ɗan rusuna.

"Ai kana da ita, ranka ya daɗe. Mu muka dangwala maka da babban yatsa, shekara uku da rabi ke nan. Sai dai ka hanzarta, saura wata shida ta ƙare, kuma ba ma sabunta wa wanda bai taɓa shigowa ba."