Jam ɗin Turkiyya na Alhaji Sallau

Wani mutum ne a kasuwarmu, Alhaji Sallau, in dai cika baki ne to shi ya gaji gidan. Ko tari ya yi sai ya ce ba a taɓa yin irinsa ba. Sana'arsa sayar da jam, wannan da ake shafa wa burodi. Kowace kwalba da hoton inabi, an rubuta daga Turkiyya.

Turkiyyar kuwa ba ta wuce bayan shagonsa ba. Nan yake dafa kabewa ta yi luguf, ya zuba sitati da tsamiya, ya barbaɗa kalar rini. Yara su ci, harshe ya yini ja wur, ciki na ta ƙugi. In iyaye sun yi magana sai ya taɓe baki ya ce, "Cikin talaka ne, bai saba da kayan waje ba."

To, rana dubu ta ɓarawo. Ran nan aka ji ma'aikatan duba ingancin abinci sun shigo kasuwa suna garƙame shaguna. Kafin ka ce kwabo, Sallau ya cusa tukunya da kabewa ƙarƙashin buhunan gawayin maƙwabcinsa, ya share wuri, ya kunna turare.

Suka iso, shugabarsu wata Hajiya Kulu a gaba. Aka duba nan, aka leƙa can, babu komai. Jama'a sun taru, Sallau sai gyara hula yake.

"Alhaji, kayan nan daga ina?"

"Hajiya, ga shi a rubuce. Ta jirgi suke zuwa."

Ashe an riga an ba ta labarin halinsa. Ta buɗe kwalba, fos, ta ɗan lasa, ta lumshe ido.

"Turkawa sun iya," ta ce. "An ce mini wai kai ke haɗawa. Yanzu na ga ƙazafi aka yi maka. Ina kai ina wannan gwaninta? Da ganinka ko ruwan zafi ba za ka iya dafawa ba."

Aka kwashe da dariya. Mati mai shayi ya ce, "Wallahi Hajiya, ko ashana sai an kyasta masa."

Hajiya ta rataya jakarta za ta wuce. Mai hankali shiru zai yi, ya tsira da shagonsa. Amma a yabi wani a kan aikinsa, a gaban 'yan kasuwa? Sallau ya kasa daurewa.

"Wane Baturke?" ya ce, yana dukan ƙirji. "Akwai Baturken da ya isa ya mayar da kabewa inabi? Hannun nan ne ya tuƙa shi."

"Haba Alhaji, ban yarda ba."

Fuu ya nufi buhunan gawayi, ya jawo tukunya ƙiii har gabanta, kabewa na gangarowa, ga ƙullin kala a ciki. Sai da ya ɗago yana haki ya ga kowa ya zuba wa tukunyar ido. Can ya ji ƙaras, an danna wa shago kwaɗo.

Hajiya ta ce, "Yanzu na yarda. Ɗauki tukunyarka a ka, Baturke, mota na jira."